A Daina Auna Tsofaffin Injunan Sassaƙar Ƙarfe A Sikelin 'Yan Gwangwan

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da masu sana'ar ƙarfe na jihar Zamfara kan wata asara da muke tafkawa ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ina magana ne kan tsofaffin injunan sassaƙar ƙarfe, ba injin niƙa ba, wato waɗanda ake ɗaure ƙarfe a kan teburinsu, wuƙa tana juyawa tana cin sa har a fitar da haƙoran giya ko tsagar makulli a jikin sandar inji.

Kwanakin baya na bi ta wajen 'yan gwangwan a nan Gusau, sai na hangi kan irin wannan inji, wato sashensa na sama da ke riƙe wuƙa yana juya ta, yashe a ƙasa, rabinsa a cikin laka. Da na goge allon da ke jikinsa sai ga sunan Bridgeport. Na kama hannun da ke saukar da wuƙa na ja, ya sauko sumul ba ko gargada, alhali mai yiwuwa injin ya girmi yaron da ke tsaron wurin nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ina gangar jikin, ya ce, "Baba, ai tuni aka farfasa ta, mota ta kwashe." Ban ga laifinsa ba, domin shi kilo ya sani, laifin na wanda ya fitar da kayan daga ɗakin gyara ne ba tare da ya tambayi masu aikin ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan sana'a kan inji ba ƙari ba ne, shi ne rabin dukiyar. Shi kansa kamfanin Bridgeport, wanda Rudolph Bannow da Magnus Wahlstrom suka gina a jihar Konetikat ta Amurka, da sayar da kawuna zalla ya fara a shekarun 1930, ana ɗaura su a jikin injunan wasu kamfanoni waɗanda wuƙarsu take kwance, domin su iya yanka daga sama. Sai a 1938 ya fito da cikakken injinsa, wanda kansa yake karkata dama da hagu, ya sunkuya gaba ko baya, kuma a ƙeyarsa akwai gurbin ɗaura wani kai na daban mai sara sama da ƙasa, wanda da shi ake fitar da tsaga a cikin ramin fuli. Daga baya kamfanin Adcock & Shipley na garin Lesta a Ingila ya riƙa ƙera shi bisa izini.

Akwai kuma kan rabo, wanda ni a ganina babu abin da ya kai shi nuna hikimar mutanen da. Idan ka juya hannunsa sau 40, ƙarfen da ka ɗaura zai yi zagaye ɗaya cif. Saboda haka mai son giya mai haƙori 20 sai ya yanka ɗaya, ya juya hannu sau biyu, ya sake yankawa, har ya dawo inda ya fara, ba kwamfuta, ba komai sai lissafi da natsuwa. Na shafe shekaru ina wannan aiki a ɗakin gyara na wata masana'anta da yanzu ta zama kufai, kuma ban taɓa ganin an tsayar da aiki don jiran giya daga Legas ba.

Yau kuwa idan giyar injin casar shinkafa ko ta injin ban ruwa ta karye, sai a kai wa mai walda ya ɗana mata ƙarfe ya goge da dutse, ta yi mako biyu ta sake zubewa, ko kuma a doshi Kano ana kashe kuɗin mota a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ban ce tsofaffin injunan ba su da matsala ba. Suna buƙatar wuta mai layi uku, yawancinsu da inci suke awo ba milimita ba, kuma bakin da ke riƙe wuƙa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ta yadda kayan da suka shiga bakin Bridgeport, wanda ake kira R8, ba lallai ne su zauna a na wani ba. Wannan ma shi ya sa raba inji da kawunansa da 'yan tarkacensa yake zama kashe shi gaba ɗaya.

Roƙona ga ma'aikatun da abin ya shafa shi ne, kafin a yi gwanjon kayan kowane ɗakin gyara na gwamnati, a kira tsofaffin ma'aikata su tantance, a rubuta kowane inji tare da kawunansa a matsayin abu guda, sannan a fara tayin su ga kwalejojin fasaha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da masu sana'a da za su iya biya a hankali.

Shi kuwa wancan kai na biya kuɗin nauyinsa na ɗauko shi a baro, na wanke shi da kananzir na shafe shi da mai, yana nan a zaurena lulluɓe da buhu. Duk wanda ya san inda gangar jikin irinsa take a Gusau ko Talatar Mafara, ya taimaka ya sanar ta wannan shafi.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gyaran injuna,
Gusau, jihar Zamfara.