Wasiƙa ga ɗana kan aikin 'yan mazan jiya

Ƙofar Sauri, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini ka yanke shawarar amfani da karatun lauyanka wajen nema wa 'yan mazan jiya haƙƙinsu na fansho da magani. Na amince, Allah ya yi albarka. Sai dai ina so ka san irin aikin tun kafin ka tsunduma.

Mutanen da za ka tsaya wa iri-iri ne. Akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, yau duk sun haura saba'in. Akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG ta kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma. Ga kuma samarin da suka dawo daga fagen daga a Borno, wani babu ƙafa, wani a ido lafiyarsa lau, amma ba ya iya barci, ƙarar ƙofa kaɗai sai ta firgita shi. Wannan ya fi ba ni tausayi, domin a gida ana saurin cewa iska ce, alhali likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata. Ka lallashi iyalinsa su kai shi asibiti, addu'a ba ta hana magani.

Yawancin aikin takarda ne, ba tsayuwa gaban alƙali ba. Hukumar fanshon soja tana Abuja, kuma lambar soja da takardar sallama take dubawa. Dattijon da ke Mani ko Batsari wanda gara ta cinye takardarsa, ko sunansa na banki ya saɓa da na fayil da harafi ɗaya, sai lokacin tantancewa ya wuce shi yana gida bai sani ba. Haka matar da mijinta ya rasu a bakin aiki, aka tarar tun yana saurayi sunan ƙaninsa ya rubuta a matsayin magaji, bai canza ba. Irin wannan sai ka zauna da dangi tukuna, da malamin da ya san rabon gado, kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa.

Ka laƙanci tsarin DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji har da masu ritaya, ka san asibitin da kowa ya yi rajista. Ka kusanci Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, su suka san gidan kowane tsohon soja. Ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, manya suna taruwa wuri ɗaya, ka je da jerin sunayen waɗanda ba a biya ba.

Idan kuɗin wani ya fito, zai miƙo maka rabonka don farin ciki. Ban yarda ka karɓa ba, ko da ya rantse. Abin da kuka yi yarjejeniya tun farko, a rubuce, shi kaɗai ne naka. Kuma in ka shiga zauren dattijo ka tuɓe takalmi, ka kira shi Baba, ka bar shi ya gama labarinsa, sau da yawa shekarar da kake nema da sunan bataliyarsa a ciki suke.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Wassalam.

Mahaifinka.