Ba kowane ɗigon fitsari ne yoyon haihuwa ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wata lalura da mata ke rufewa da zane.

A nan ƙasarmu da an ce mace tana zubar da fitsari, hankalin kowa sai ya tafi ga yoyon da doguwar naƙuda ke jawowa. Wannan kam an yi masa aiki, akwai cibiyarsa a Yamai, akwai ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012, rediyo ma ba ta gajiya da faɗakarwa. Amma akwai matan da mafitsararsu ba ta huje ba, tsokar da ke riƙe ta ce ta yi rauni. Ƙanwata na cikinsu. Tana da ciwon raunin tsoka na gado, irin wanda likitan Jamus Steinert ya bayyana a 1909, wanda ke kama maza da mata. In ta damƙi ludayi sai ta jira kafin yatsunta su saki. Da wannan duk gida mun saba. Abin da ta ɓoye mana shi ne in ta yi atishawa lokacin hunturu, ko ta yunƙura daga tabarma, sai zanenta ya jiƙe. Ta daina zuwa biki da suna, mu kuwa muna cewa ta cika son zaman ɗaki.

A wani asibiti an duba ta aka ce ba yoyo ba ne, ta koma gida. Ba wanda ya ce mata ga abin yi. Daga baya ne wata mai aikin gashin ƙashi da motsa jiki, waɗanda muke kira kine, ta zaunar da mu. Ta ce a ƙasan mara akwai tsokoki da ke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura kamar yadda majanyi ke tallafe goyo, kuma ana horar da su. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya yaɗa dabarar tun 1948. Mace ta kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ta matse ƙasanta kamar mai riƙe tusa a cikin jama'a, ta ja sama, ta ƙirga uku ko biyar, ta saki sarai, ta huta. Ba a riƙe numfashi, ba a matse cinya ko ɗuwawu. Ga sauran mata ana cewa sau 8 a jere, sau uku a yini, har wata uku kafin a yanke hukunci.

Ga mai ciwon tsoka kuwa, matar ta ja mana kunne sosai. Ta ce wa ƙanwata: "Ke ba gasa kike ba, ƙanwata. Da kin ji matsin ya fara sanyi, ki tsaya." Tsokar irin waɗannan mata tana saurin gajiya, kuma a ciwon Steinert sakin ma aiki ne, don haka hutun da ke tsakani ya fi matsin tsawo. Matar ta hana ƙanwata gwadawa ta hanyar tsayar da fitsari a makewayi, domin yawan yin haka na hana mafitsara zubar da komai. Ta koya mata ta matse kafin tari ko ɗaga bokiti.

Ban ce horon ya warkar da ciwon ba, ciwon na nan. Amma yanzu tana fita da zane ɗaya. Rabin nasarar ma daga gida ta zo: mun sa mata kujera mai huda kusa da gado, tunda tsuguno da tashi na yi mata wuya, ta rage shayi mai ƙarfi, muka hana ta ƙaurace wa ruwa. Da can ƙishirwa take kwana da ita a zafin Tahoua don tsoron jiƙewa, alhali fitsari mai kauri ƙara tsikarar mafitsara yake. Batun salla ya fi komai damunta, sai da malamin unguwa ya gaya mata cewa a mazhabar Malikiyya ɗigon da ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, an dai so a sabunta ta ga kowace salla.

Roƙona ga ungozomomi da malaman asibiti: in mace mai raunin tsoka ta zo, ku tambaye ta batun fitsari a keɓe, don ita ba za ta fara ba, kuma ku nuna mata wurin kine. Ku ma, Malam Edita, ku gayyato ɗaya daga cikin kine ɗin ta yi bayani da Hausa a shafinku na lafiya.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Tahoua.