Rahoton Kwamiti Kan Gyaran Injin Niƙa Mai Aiki da Ruwa na Ƙauyen Houghton

Shugaba, iyayenmu da 'yan uwa, assalamu alaikum.

A zaman ƙungiya da ya gabata aka ɗora mana, mu huɗu, nauyin mu je mu duba injin niƙan nan na ƙauyen Houghton wanda aka tayar bayan ya yi shekara da shekaru a mace, mu dawo da bayani. Kun san mafarin maganar. Wasu 'yan uwa a gida ne suka ga bidiyonsa a waya, suka ce tunda tsadar man dizal ta hana masu injin garinmu sakat, me zai hana a kafa irinsa a bakin rafinmu? Mun je, mun wuni a can, ga abin da muka samo.

Ƙauyen yana yankin Kambirij a gabashin Ingila, tsakanin garin Huntingdon da St Ives. Mutanen wurin "Hoton" suke kiransa, har ɗaya daga cikinmu ya yi ta jira a faɗa masa hoton wa ake nufi. Injin yana kan wani ɗan tsibiri a kogin Great Ouse. Gini ne dogo, ƙasansa jan bulo, samansa katako, kuma hanyar masu tafiya a ƙasa ta cikinsa ta ratsa, sai ka bi ta ƙarƙashin ginin kafin ka fita zuwa fadamar da ke hayi.

Wurin ya daɗe da niƙa. Tun wajen shekarar 974 ƙasar ta shiga hannun gidan 'yan zuhudu na Ramsey, kuma duk manomin da ke zaune a kan gonakinsu dole ne ya kawo alkamarsa nan, mai injin ya ɗebi rabonsa a cikin garin a matsayin ladan niƙa. Ba Houghton kaɗai ba: ƙidayar dukiyar Ingila da aka yi a 1086 ta lissafa irin waɗannan injina fiye da 5,600. A shekarar 1500 shugaban gidan na Ramsey ya tare kogin don ruwa ya ƙara ƙarfi a injinsa, ruwan ya koma baya ya malale ƙauyen da ke maƙwabtaka. Mutane suka yi bore, amma sai bayan shekara 15 suka sami izinin karkatar da ruwan idan ambaliya ta taso. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidan Ramsey a 1539, injin ya koma hannun sarauta.

Ginin da ke tsaye yanzu tsoho ne, an kuma faɗaɗa shi a ƙarni na 19. A lokacin ne ya kai ganiyarsa, a hannun Potto Brown, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1871, attajiri mai kyauta da ya gina wa ƙauyen makaranta da ɗakin ibada. Wili uku na ruwa ne ke juya duwatsun niƙa tagwaye goma a cikinsa. Abin da ya kashe shi shi ne abin da ya kashe sauran: manyan masana'antun fulawa masu niƙa da naɗin ƙarfe, waɗanda aka kafa a bakin teku inda jiragen ruwa ke sauke alkamar Amurka. Farar fulawarsu ta fi araha, mata suka koma mata. Wajen 1930 niƙa ta tsaya a Houghton, aka cire wilolin. Mutanen yankin ne suka sayi ginin don kada ya rushe, aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke adana tsofaffin gine-gine a Ingila. Daga 1935 zuwa 1983 masaukin matasa matafiya ne, kuma an hana shan taba a ciki saboda tsoron gobara, a zamanin da ba a cika hana taba a irin waɗannan masaukai ba.

A ganinmu wannan zama na masauki shi ne rabin gyaran, ko da yake ba a lissafa shi a ciki. Gidan da ake kwana a cikinsa ba a barin rufinsa ya yi yoyo. Shekara 48 ana share shi ana toshe ɓarakarsa, shi ya sa da lokacin tayar da niƙa ya zo, ba kango aka tarar ba.

A 1999 aka kammala babban aikin: aka mayar da wili ɗaya na ruwa, aka kafa sababbin duwatsun niƙa, gari ya sake fitowa bayan kusan shekara 70. Ba a yi yunƙurin dawo da wili uku da duwatsu goma ba, kuma mun ga hikimar hakan, don ba kasuwar da ta kashe shi ake son a sake yin gasa da ita ba.

A kan idonmu aka buɗe ƙofar ruwa. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangare, saboda haka ruwan daga ƙasa-ƙasa yake tunkuɗa fikafikan wilin, ba daga sama yake zubo masa ba. Da farko kamar ba zai motsa ba, sai ya yi wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofar zaure, ya soma juyi a hankali, daɓen katakon da muke tsaye a kai ya ɗauki rawa. Wilin kansa a natse yake tafiya, manyan giyoyi masu haƙora ne ke karɓar wannan juyi su miƙa wa ƙanana, har ya iso kan dutse da sauri ninki-ninki. A irin waɗannan injina da gangan ake sa haƙoran itace su ciji na ƙarfe: ƙara tana raguwa, kuma idan wani abu ya cije, haƙorin itace ne zai karye a sassaƙa wani, maimakon giyar ƙarfe ta tsage.

Duwatsun biyu ne, na ƙasa a kafe, na sama yana juyi, kuma ba a so su taɓa juna. Tsakaninsu bai wuce kaurin takarda ba. Alkama tana gangarowa daga mazurari, wani ɗan ƙarfe yana bubbuga kwararon da take bi, kwas-kwas-kwas, don ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan cikin ramin da ke tsakiyar dutsen. Idan hatsi ya ƙare duwatsun suka gogi juna a bushe, tartsatsi ne zai tashi, ga ƙurar gari ko'ina, ga gini na katako. Shi ya sa masu wannan sana'a tun da can suke ɗaura wa mazurari 'yar ƙararrawa da za ta kaɗa idan hatsi ya yi ƙasa.

Wani dattijo ɗan sa-kai ya tara hannu a bakin da garin ke fitowa, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, sannan ya ɗan taɓa wani maɗauri ya rage tazarar duwatsun. Hajiya, mace ɗaya tilo a kwamitinmu, ita ma ta tara hannu. Garin da ɗuminsa amma bai yi zafi ba, launinsa ƙasa-ƙasa don dusarsa na ciki. Da ya nuna mana fuskar wani tsohon dutse da aka jingine, da layukan da aka sassaƙa a jikinsa, yana bayanin cewa lokaci-lokaci sai an ɗaga na sama an bi layukan da ƙarfe mai kaifi an farfaɗo da su, Hajiya ta yi dariya ta ce ai koɗa ce, kakarta da makoɗi take yi wa dutsenta idan ya yi santsi. Bambancin dai shi ne wannan dutsen ba ya ɗaguwa sai da sarƙa da ƙarti, kuma masu iya koɗa shi sun yi ƙaranci a Ingila.

Yau injin ba da kuɗin niƙa yake rayuwa ba. Baƙi ne ke zuwa kallo, a kawo 'yan makaranta, akwai wurin shan shayi da filin kafa tanti a kusa, ana kuma sayar da garin a ƙananan jakunkuna. Yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne, tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Ba kullum ake niƙa ba, kuma idan kogin ya cika ya batse wilin ba ya aiki, don ruwan da ke bayansa yana danne shi.

Game da tambayar mutanen gida, kwamiti bai goyi bayan a kafa irinsa a rafinmu ba. Great Ouse rani da damina yana gudu. Namu rafin kuwa, lokacin da aka gama girbi ake neman niƙa ruwa a jallo, lokacin ne yara ke buga ƙwallo a cikin yashinsa. Ɗaya daga cikinmu bai yarda ba, ya ce a yi ƙaramar madatsa a tara ruwan damina, kuma mun yi alkawarin rubuta ra'ayinsa a nan. Sauran mu uku muka tuna masa 1500: duk wanda ya tare ruwa, gonar wani zai tura shi, kuma masu lambun albasa da ke sama da mu ba za su jira shekara 15 ba kafin su zo ƙofar hakimi. Idan ƙungiya na son rage wa masu injin garinmu wahalar mai, muna ba da shawarar a kafa wani kwamitin ya binciki injin niƙa mai aiki da hasken rana, a sa masu injin kansu a ciki.

Mun sayo jaka biyu ta garin da kuɗin aljihunmu. Hajiya ta yi funkaso da ɗaya, ta ce ya tashi sosai amma ya fi namu shan ruwa. Ɗayar tana hannun ma'aji tare da rasiɗin kuɗin mota, za a kawo su zama na gaba.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran membobi.