A tuna da Matawalle Musa 'Yar'aduwa tun masu labarinsa na raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani dattijo na garinmu wanda sunansa ke bakinmu kullum, amma labarinsa na neman kuɓuce mana.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya muna zaune a ƙofar gida bayan Magariba, jikana da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ajiye katinsa na makaranta a kan tabarma. Na ɗauka ina dubawa da hasken tocila, na sa yatsa a kan sunan da ke tsakiya, na ce masa, "Wane ne Musan nan?" Ya ce, "Baban Umaru ne mana, Kaka." Na ce, "To, shi me ya yi?" Yaro ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ni ma ban tuna ranar da na tsaya gaban allo na ba ɗalibai labarin mutumin ba. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri a daren.

An haifi Alhaji Musa 'Yar'aduwa a 1912. Mahaifinsa, Malam Umaru, shi ne Matawallen Katsina, sarautar da aka sani da riƙon baitulmalin masarauta. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda tsohon gininta na ƙasa yana nan a cikin gari an mai da shi gidan tarihi. Da ya gama, allo da alli ya fara kamawa a Midil ta Katsina, daga nan ya koma aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta masarauta, a zamanin Sarki Usman Nagogo. An naɗa shi Tafidan Katsina, daga baya ya hau sarautar gidansu ta Matawalle. A siyasa ɗan NPC ne, jam'iyyar Salama mai alamar fartanya, kuma a inuwarta ya tafi Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Muƙamin da aka fi saninsa da shi shi ne Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Ya kamata matasa su fahimci nauyin wannan kujera. A lokacin babu Jihar Legas, sai a 1967 aka ƙirƙiro ta. Ikko, wato Legas, ita ce babban birnin ƙasa, tana hannun gwamnatin tarayya kai tsaye, kuma sha'anin filaye da tsarin gari suna ƙarƙashin wannan ma'aikata. Wato Bakatsine daga unguwar 'Yar'aduwa aka damƙa wa amanar ƙasar da ta fi kowace tsada a Najeriya, a tsakiyar mutanen da ba harshensu ɗaya ba, kuma akasarinsu ba jam'iyyarsa suke yi ba. Har gobe akwai titi mai sunansa a unguwar Victoria Island. Yana kan wannan kujera har sojoji suka kifar da gwamnati ranar 15 ga Janairun 1966, suka kashe Firayim Minista da Sardauna.

Ni dai ba ministan na sani ba, ina yaro a lokacin. Wanda na sani shi ne dattijon da ya dawo gida, wanda nauyinsa ya bayyana a siyasar jiha da aka buɗe fage a 1978. Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna a lokacin. Matawalle ya shiga NPN, jam'iyyar Aminci mai alamar gida da masara, ya zama ɗaya daga cikin manyan jigoginta, yana bayan Alhaji Lawal Kaita a takarar gwamna. Babban ɗansa Shehu kuwa shi ne na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo wadda ke shirin miƙa mulki. Duk mai lissafi zai ce an gama, kujera ta Lawal Kaita ce. Da aka ƙirga ƙuri'a sai ga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Nasara mai alamar mabuɗi, ya lashe zaɓen. Kuma cikin matasan da suka yi wa PRP aiki har da Umaru, ɗan Matawalle na cikinsa, malamin makaranta mai ra'ayin Malam Aminu Kano.

A nan labarin ya shigo gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne, ɗan Salama tun na farko, da aka zo NPN bai ko yi shawara ba ya shige. Ni kuma ina sabon malami, jinina na tafasa, na ga yadda ake bin talaka da haraji da jangali, na ba PRP zuciyata. Wata rana na liƙa takarda mai hoton mabuɗi a ƙyauren shagona da ke zaure. Da safe na tarar an yage ta, saura ƙusurwoyi huɗu manne da katako. Daga ranar in na durƙusa na gaishe shi sai ya kau da kai. Zaɓen gwamna ya faɗo a farkon azumin shekarar, saboda haka kusan wata guda ina buɗa-baki ni kaɗai. Inna ce ke aiko ƙanena da kunun tsamiya da ƙosai a rufe da faifai, ina jiyo muryar Baba da sauran 'yan'uwana a tsakar gida. Wanda bai ɗanɗana irin wannan ba, ba zai san ɗacinsa ba.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, baffana ya zo daga ƙauye. Da ya ji abin da ake ciki, ya zauna kusa da Baba a zaure, ina daga cikin shago ina jin su. Bai yi dogon wa'azi ba. Cewa ya yi, "Yaya, ɗan Matawalle ma PRP yake yi, kuma yana nan ɗan Matawallensa. Ka fi Matawalle NPN ne?" Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai nake jin yana kaɗawa. Ranar Sallah da muka sauko daga Idi ya aiko a kira ni, ya tura mini kwanon tuwo gabana, ya ce, "Sa hannu." Har ya koma ga Allah bai bar NPN a ransa ba, ni ma ban bar ra'ayina ba, amma ba mu sake raba kwano ba. Matawalle bai san ni ba, bai san mahaifina ba, amma da sunansa aka ɗinke ɓarakar gidanmu.

Malam Edita, kada a ɗauka yabo zalla na zo yi. Har yau ina ganin abin da NPN ta yi wa Balarabe Musa bai dace ba. 'Yan majalisar jiha, waɗanda NPN ke da babban rinjaye a cikinsu, sun ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki kusan shekara biyu babu majalisar zartarwa, daga ƙarshe suka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamnan farar hula na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi, shi ma ɗan ƙasar Katsina, ya ƙarasa wa'adin. Jam'iyyar Matawalle ce ta yi wannan aiki, kuma duk wanda zai rubuta tarihinsa da gaskiya dole ya ajiye wannan a gefen sauran. Nasarar da Lawal Kaita ya samu a 1983 ma wata uku kacal ta yi, sojoji suka dawo a ranar ƙarshe ta shekarar, Janar Muhammadu Buhari na Daura ya hau. Ina so a ba yaranmu labarin da daɗinsa da ɗacinsa, domin sun isa su auna da kansu.

Dattijon ya ga an ba mu Jihar Katsina ranar 23 ga Satumbar 1987. Ya ga Umaru ya nemi gwamna a SDP a 1991 ya sha kaye a hannun Alhaji Sa'idu Barda na NRC. Ya rasu a 1993. Allah bai nuna masa rasuwar Shehu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997 ba, bai kuma nuna masa Umaru a gidan gwamnatin Katsina daga 1999, da fadar shugaban ƙasa daga 2007 ba. Yaron nan da ya saɓa wa jam'iyyar ubansa, shi aka naɗa wa rawanin Matawalle daga baya.

Yanzu fa? Mun sha ganin waɗanda suka riƙe minista a Abuja, ba a ganin ƙeyarsu a gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, sai kakar zaɓe ta ƙarato su shigo gari da jiniya da buhunan shinkafa suna neman gwamna ko sanata. In sun faɗi, gidan ya koma hannun maigadi. A ƙasa kuma, saboda waɗannan mutanen, wa da ƙane suna zagin juna a Facebook, abokan shekara ashirin sun daina zama majalisa ɗaya. A unguwarmu na san gida biyu da katanga ɗaya ta raba su, tun zaɓen da ya wuce matansu ba sa shiga wa juna barka. Wannan yana ƙona mini rai, domin na san inda irin wannan hanyar take kaiwa, na taɓa zama a bakinta.

Roƙona gare ka shi ne ka turo wakilinka Katsina da rikoda, ya zauna da waɗanda suka yi zamani da Matawalle Musa. Hajiya Dada, mahaifiyar su Shehu da Umaru, ta rasu a Satumbar 2024, ta tafi da abin da ta sani. Amma da sauran tsofaffin ma'aikatan En'e, da waɗanda suka yi yawon kamfe a 1979 ta kowane ɓangare, da maƙwabta a unguwar 'Yar'aduwa. A tambaye su yadda yake karɓar baƙi a zaurensa, da yadda ya ɗauki faɗuwar ɗan takararsa, da abin da ya gudana tsakaninsa da ɗansa a waɗancan shekaru. A buga da Hausa, kashi-kashi, yadda mai shayi da ɗalibi za su iya karantawa. Ina kuma kira ga malaman tarihi na jami'ar da ke ɗauke da sunan gidan su sa ɗalibansu wannan aiki.

In wakilin naka ya shigo, ni zan yi masa jagora da ƙafata. Akwai dattawa uku da muke sallar Asuba tare, biyu 'yan Aminci ne na gaske, ɗaya ɗan Nasara irina, ƙaraminsu ya haura saba'in da biyar. Na riga na yi musu maganar, sun ce a zo da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.