In Gudu Ya Gagara, Ka Taka

Daga gida, kusa da Gani,
Ƙaramar Hukumar Sumaila, Jihar Kano.

Abokina, ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya. An gama yankan dawa, hunturu ya sauko da ƙarfinsa, har tsofaffi sun koma kwana da kaskon wuta. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ruwan Fatakwal ne ya share maka hanyar gida.

Tun ranar Lahadin da muka yi waya hankalina bai kwanta ba. Ka ce kamfani ya sallame ku, kuɗin da ka yi shekara shida kana tarawa don buɗe shagon walda ya ƙare a haya da asibiti, kuma wata huɗu ke nan rabonka da majami'a, domin ka gaji da addu'ar da ba ta wuce rufin ɗaki. Ni kuwa, maimakon in yi shiru in saurare ka, sai na jibga maka wa'azi har katina ya ƙare. Ka yafe mini. Halin malamin makaranta ne, ko gidan makoki ya je sai ya nemi allo. Shi ya sa yau na ɗauki biro. 'Yata za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka ta WhatsApp.

Bari in fara da abin da zai ba ka dariya: na koma gudu. Ni, da tumbina da furfurata. Bara na je asibiti da ciwon kai, aka ɗaura mini abin awo a damtse, likita ya ce jinina ya hau. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, in kuma riƙa motsa jiki. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Washegari da asuba na fita, daidai lokacin da maƙwabtanmu ke tafiya masallaci. Wani dattijo ya tsaya cak yana leƙen bayana, ya ce, "Malam, lafiya? Me ya biyo ka?" Yanzu sun saba, sai dai su ce a dawo lafiya.

Ka san inda na tsaya a ranar? Gindin tsamiyar nan ta hanyar rafi. Ita dai, wadda na zube a ƙarƙashinta ranar tseren makaranta muna aji shida, bayan na bar ku duka a baya ina ta waiwaye ina dariya. Ka zo ka wuce ni kana sassarfa kamar jakin da aka yi wa mangala, ba ka ko kalle ni ba, ka je ka dawo ka zo na huɗu, aka ba ka sabulu. Shekara talatin da ɗoriya, itace ɗaya, wauta ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Na zauna ina haki, ƙirjina kamar ana dakan fura a ciki, na ce wa kaina wannan ba aikina ba ne.

Abin da ya cece ni abu ne da na raina. Na fara raba hanya: daga ƙofar gida zuwa tsamiya gudu, daga tsamiya zuwa kuka tafiya, daga kuka zuwa rijiyar makiyaya gudu kuma. Da farko kunyar tafiyar nake ji. In na hango mutum sai in ƙara wuta don kada a ce malam ya gaza, in ya wuce in rage. Na daɗe kafin in gane cewa tafiyar nan ba hutu ba ce daga tseren, tana cikinsa. Yanzu nakan yi kilomita biyar ban tsaya ba. Amma har gobe akwai safiyar da ƙafa ke cewa a'a, in taka tun daga fita har dawowa, kuma hanyar ba ta taɓa ƙin ƙarewa don na taka ta ba.

A irin wannan safiya ce ayar nan ta Ishaya 40:31 ta buɗe mini, wadda muka haddace a makarantar Lahadi muna rerawa ba mu san abin da muke faɗa ba. Masu sauraron Ubangiji za su tashi da fikafikai kamar gaggafa, su yi gudu ba su gaji ba, su yi tafiya ba su suma ba. Ka lura da jerin? In ni ne mai rubutu, da tafiya zan fara in ƙare da tashi sama, haka muke son labari. Annabin ya juya shi, ya ajiye tafiya a ƙarshe. Ina ganin don ita ce mafi wuya. Tashi sama mun yi shi muna samari, lokacin taron matasa, muna waƙa har gari ya waye. Wanda aka sallama daga aiki yana da 'ya'ya huɗu, tafiya aka bar masa, kuma alkawarin ya haɗa da shi.

Ka kuma sake duba labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna 18 da 19. Mutumin da ya yi ɗamara ya tsere wa karusar Sarki Ahab tun daga Karmel har Yezreyel, shi ne a sura ta gaba ya zauna ƙarƙashin wani itace a jeji yana roƙon mutuwa, yana cewa ya isa haka. To, me aka yi masa? Ba a tsawata masa ba, ba a karanta masa aya ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi waina da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Maganar Ubangiji ta zo ne daga baya, can dutsen Horeb, bayan kwana arba'in. Da na karanta wannan sai na tuna wayarmu, kunya ta kama ni.

Ɗana ya nuna mini wani tsohon bidiyo a wayarsa, na kalla ya fi sau biyar. Gasar Olamfik ce ta 1968 a birnin Meziko, tseren dogon zango na kilomita 42 da mita 195. Wani ɗan Tanzaniya, John Stephen Akhwari, ya faɗi tun kafin rabin hanya, ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafa ya ci gaba. Mamo Wolde na Habasha ya riga ya ci tseren, fiye da awa ɗaya ta wuce, duhu ya yi, yawancin 'yan kallo sun watse, sai ga shi ya shigo fili yana ɗingishi. Shi ne na ƙarshe cikin 57 da suka kai. Da aka tambaye shi, ya ce ƙasarsa ba ta turo shi daga nesa don ya fara tsere ba, don ya gama ta turo shi. Abin da na fi kallo ba maganar ba ce, ƙafafunsa ne: ya ɗan ruga, ya taka, ya tsaya, ya sake rugawa. Irin tafiyata tsakanin tsamiya da kuka.

Amma akwai wani a tseren nan da ba a cika ambata ba. Abebe Bikila, shi ma ɗan Habasha, wanda ya ci a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokiyo a 1964 makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. A Meziko ciwon ƙafa ya sa ya janye. Shekara ta zagayo ya yi hatsarin mota, bai ƙara takawa ba, sai ya koma harbin kibiya daga kan keken guragu. Wa zai kira shi rago? Na kawo shi ne don kada ka ɗauka ina cewa dole shagon nan, a yadda ka zana shi, ko mutuwa. Wataƙila shagon zai fara ne da injin aro a gefen titi, wataƙila ka yi shekara biyu kana yi wa wani aiki. Ni ma ka san digirin da na shiga tun kafin a haifi autarmu, sau biyu ina ajiyewa saboda kuɗi, har yau saura zango ɗaya, kuma a watan gobe zan koma in zauna aji ɗaya da yaran da na koyar. Buri yakan sauya kama. Wanda ya kira mu ne ba na so ka saki.

Don haka ba zan ce maka ka tashi ka yi azumi da addu'ar dare ba. Ranar Lahadi ka je ka zauna a bencin baya. In waƙa ba ta fito ba, kada ka matsa mata. In fushi ne a cikinka, ka faɗa wa Ubangiji fushin, Zabura cike take da irinsa. In ma zuwan ya gagara a wannan mako, ka bar uwargida ta yi addu'a kai ka ce amin. Zumuntar mata a nan sun sa ku cikin addu'arsu ta mako, ban faɗa musu dalili ba, na ce kawai ɗanmu na kudu yana bukata.

Na sayar da buhu biyu na waken suya. Zan turo maka wani abu ranar kasuwa, ka rage haya da shi, kuma kada ka kira ni don ka ce bai kamata ba, domin ba zan ɗauka ba. Direban da ke saukowa da albasa zai kawo muku daddawa da kuka da ƙuli-ƙulin Inna.

In ka shiga gwanjo ka duba mini takalmin gudu lamba 43, nawa ya buɗe baki, ƙaya ta fara shiga. Ka gaida uwargida da yara ɗaya bayan ɗaya. In Allah ya kawo ka Kirsimeti, ka zo da shirinka, tsamiya tana nan, kuma ina bin ka bashin sabulu.

Naka har kullum,
abokinka na aji shida.