Kifin gwangwani ya haɗa ni da uwar mijina

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Tun jiya ban runtsa ba. Hajiyar maigidana ce ta tsaya a gaban ƙannensa ta ce wai ni zan kashe mata jika da kifin gwangwani, wai ganda ce ta hana ni gyaran ɗanyen kifi.

Anti, kin san yadda nama ya koma a garin nan. Kuɗin cefanen da yake ba ni suna nan yadda suke, ga rashin wuta, in na sayi kifin ƙanƙara ya kwana shi ke nan ya lalace. Shi ya sa da na ɗauki adashe na je Kasuwar Singa na sayo katan guda na sadin, irin wanda ake kawowa daga Maroko, mai giram 125 ɗin nan. Da kuɗina fa! Gwangwani ɗaya in na soya da albasa da attaruhu ya ishe mu taliya ko dafa-duka, man cikinsa ma ya rage min man gyaɗa. Da safe in murje shi da dafaffen ƙwai a burodi, yara su tafi makaranta. Shi kansa har ƙari yake nema, bai taɓa tambayar wa ya saya ba.

Af, ban gaya miki ba, autana ne ya kwana yana amai da gudawa. Ranar kuwa a gidanta ya wuni, Allah kaɗai ya san abin da suka ba shi a can. Ni ba na buɗe gwangwani sai na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa zubar da shi nake yi, saura kuma ba ya kwana a gwangwaninsa. Sauran yaran ma sun ci, ba abin da ya same su. Ita dama tun da aka kawo ni ba ta taɓa yabon girkina ba.

Shin cin sadin kullum yana da illa ga ƙaramin yaro, ko gishirin ne ya yi masa yawa? Amma wallahi abin da ya fi ci min rai, tana faɗa yana zaune yana latsa waya, ko tari bai yi ba. Yanzu ta ce a fitar da ragowar katan ɗin daga gidan ɗanta. In kai maganar wajen Babanmu ne, ko in yi shiru in bar su su cefano naman da kansu?

Taki,
wata ƙanwarki daga Ɗorayi