Masu koyar da Python, a riƙa gwadawa kafin a raba wa yara

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu koyar da rubuta manhaja, musamman yanzu da matasa suka yi ca a kan abin tun da aka ƙaddamar da shirin 3MTT, na gwamnatin tarayya na horar da matasa kan fasahar zamani, a 2023.

Ƙanena ne ya sa ni wannan rubutu. Yana zuwa koyon Python, wato wani yaren rubuta manhaja, a wata cibiya nan Gombe bayan la'asar, sai malaminsu ya tura musu handawut ta WhatsApp, a ciki an rubuta 5/2 an ce 2 ce za ta fito, shi kuma duk bugawar da zai yi a wayarsa 2.5 yake gani, kwana biyu yana abu ɗaya har ya fara cewa wai shi kansa ne ba ya ja, Hajiyarmu ma ta ce ya haƙura ya koma shago. Da na duba sai na ga ai yaron ne da gaskiya. Amsar 2 ta Python 2 ce, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020, ita kuwa Python 3 da ke wayarsa 2.5 take bayarwa. Malam dai kwafowa ya yi, bai gwada ba.

Wani misalin kuma ƙin tashi ya yi sam, da aka yi magana sai malam ya ce "ai a kwamfutata yana yi". To dole ya yi mana, kwamfutarka shekara nawa kana loda mata kaya, yaro kuwa tasa wayam take.

Abin fa ba wuya. Kowane misali ka buɗe masa sabon venv, ko kwantena ta Docker in kana da ita, wato ɗaki ne shararre da ba komai sai abin da ka saka da hannunka, ka kunna shi shi kaɗai, abin da ya fito a allo shi za ka kwafa ka liƙa, ko da kuskure ne ya fito da jan rubutu a bar shi yara su saba da ganinsa. Akwai ma doctest da ke zuwa tare da Python kyauta, ita za ta bi misalanka ta kwatanta amsar da ka rubuta da wadda ta fito, in sun saɓa ta tona maka asiri tun kafin ɗalibai su tona. Masu amfani da Jupyter kuma, wato shafin nan da ake rubuta manhaja ana kunna ta gutsure-gutsure, wallahi ku kuka fi ba ni ciwon kai, a sake kunnawa daga farko a bi daga sama har ƙasa kafin a tura, don wani abin yana maƙale ne a ƙwaƙwalwa daga layin da kuka riga kuka goge.

A kuma rubuta lambar Python ɗin a shafin farko, ko 3.11 ce ko 3.12. Ƙanen nawa ya koma aji, yanzu shi ke duba wa abokansa handawut ɗin.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, Jekadafari, Gombe